Iska a Cikin Birkin Raƙumi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, da iyalansa, da sahabbansa baki ɗaya.

Daga Malam Hamza, mahaifinka, mai makarantar allo ta gindin darbejiya, zuwa gare ka, kai da ka san kanka, a gidan kawunka Sule da ke Rijiyar Zaki.

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, da ƙafafunka biyu da hannuwanka biyu. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya kare ka daga sharrin hanya, da sharrin ƙarfe, da sharrin taurin kan da ka gada a wurina. Ka gaida kawunka da mutanen gidansa.

Ba zan ambaci sunanka ba, ka san ban taɓa ba. Kai ne ɗan fari, kuma sunan mahaifina ne a kanka. Na san za ka yi mamakin rubutun, tunda ka bar ni hannuna yana rawa, ko alƙalami ba na iya tsomawa a tawada sai na kifar da ita. To, yau rawar ta ɗan lafa. Kada ka tsaya binciken hannu, ka karanta abin da ya rubuta. Da wayarka tana nan da ban wahalar da kaina ba, amma ka sayar ka zuba wa tankin babur.

Ba labarin gida zan ba ka ba. Yadda ka bar mu haka muke, rumbu bai ƙaru ba, taki bai sauko ba, mai ma sai hawa yake yi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, an ce mini ranar Asabar za a ɗora Raƙumi a bayan babbar mota, kai da shi ku nufi kudancin Kaduna, inda za ka riƙa sauko da buhunan citta daga gonakin kan duwatsu. Raƙumi kuwa, dogon babur ɗin dajin nan namu, birkinsa na baya ba ya kamawa. Iska ce a cikinsa. Na sani, kai ma ka sani.

Ranar da ka tafi ina zaune a zaure, na ga komai. Ka zo fita, akuyar maƙwabta ta gitta, ka taka birki, ƙafarka ta nutse har ƙasa, babur ko gezau. Da dugadugan takalmanka ka tsayar da shi, ka bar layi biyu a yashin ƙofar gida. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, dugadugai suna iya yi maka aikin birki daga nan har Bici. A kan dutse, da buhuna a bayanka, ba su tsayar da kowa. In kuwa ka damƙe birkin gaba shi kaɗai a gangara mai tsakuwa, taya za ta zame, kai da kayan ku bi ta.

Don haka ka samu wuri ka zauna. Zan faɗa maka kurakuran da na yi a kan babur ɗin nan, waɗanda ban taɓa yarda a bainar jama'a cewa na yi ba.

Na farko tun ranar da na saye shi ne. Wani malamin gona ya sayar mini da shi lokacin da aikinsu ya tashi, shekarar da albasa ta yi mini kyau. Mutumin kirki ne. Ya tsuguna yana nuna mini wani ɗan kofi a gefen dama, yana cewa, "Malam, zo ka ga wannan, ba irin na baburanku ba ne." Ni kuwa mutane sun taru suna kallo, ga ni da babbar riga, sai na ji tsugunawa ta yi mini nauyi. Na ce masa, "Tashi, yaro. Ina hawa babur tun kafin a yaye ka." Ya tashi ya kaɗe gwiwarsa.

Da birki ya fara laushi, na duƙa ina neman sandar nan da ake ɗaure notinta, irin ta kowane babur a garinmu. Babu sanda. Sai wata baƙar tiyo kamar hanjin kaza. Na tura shi wurin Ɗanjuma bakanike, ya zagaya shi, ya leƙa ƙasa, ya miƙe ya ce, "Malam, ai kai an sace maka birki." Sai daga baya na gane birkin mai ne. Kana takawa, man ya bi tiyo ya tura takalman birki, su damƙe faifan da ke jikin taya. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa yake iya turawa. Iska kuwa tana matsuwa. In ta shiga, sai ka yi ta takawa tana lotsawa kamar soso, ƙarfin ƙafarka duk ya ƙare a kanta. Wannan ɗan bayanin shi ne malamin gona ya so ya ba ni kyauta, na ƙi. Inda za ka, akwai waɗanda suka riga ka sanin duwatsun nan. In ɗayansu ya tsuguna zai nuna maka abu, ka tsuguna tare da shi, ko da ƙaninka ne a shekaru.

Na biyu, kai ma kana nan aka yi, amma kana gona ranar. Na buɗe ɗan kofin na tarar man ya kusa ƙarewa. Innarku tana tsakar gida tana matsar ƙuli-ƙuli, ga man gyaɗa yana tsiyaya a kwano, garau da shi. Na ce ta ɗibo mini ludayi ɗaya.

Ta ce, "Malam, tuwon bai sauka ba tukuna."

Na ce, "Ba ni zan ci ba, Raƙumi ne."

Ta dube ni ta ce, "Ka tabbata?"

Na ce, "Mai dai ai mai ne. Wa ke karantar da mutane a gidan nan, ni ko ke?"

Ƙaninka Nafi'u, yaron nan mai natsuwa da hangen nesa, wanda duk garin nan aka shaida ya fi ka kyau, shi kaɗai ya ce, "Baba, anya kuwa?" Na kore shi da carbi.

Kwanakin farko birki ya kama, har ina yi wa mutane bayani a ƙofar masallaci. Ashe robobin ciki suna can suna kumbura. Ranar kasuwar Bici ya maƙale gaba ɗaya, faifai ya yi zafi, hayaƙi yana tashi, ƙamshin suya ya cika layin 'yan albasa. Wani mai shayi ya leƙo ya ce, "Malam, da ka taho da ƙullu ai da mun saki ƙosai." Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, don ba yadda zan yi.

Dariyar ba ta kai gida ba. Robobin babu su a Bici, babu su a Dawakin Tofa, sai cikin Kano, can ma sai an jira. Raƙumi ya kwanta a zaure, albasa ta kwanta a fadama, kafin jakin aro ya gama kwaso ta rabi ya ruɓe. Shekarar ce innarku ta sayar da tunkiyarta, ba ta kuma taɓa yi mini gorin ludayin nan ba, wanda da ta yi da ya fi mini sauƙi. Saboda haka kada ka zuba wa kofin nan komai sai man birki na gaskiya, wanda kai da kanka ka fasa murfinsa. Ban da baƙin mai, ban da wanda ake ɗurawa a tsohuwar robar ruwa a bakin titi. In ka buɗe, ka rufe da kyau, don yana shan laima. Rashi zai ce maka ka yi dabara. A ko'ina ka yi, ban hana ka ba, amma ban da nan.

Na uku shi ne wanda nake ɗauke da shi a ƙugu har yau. Bakaniken da ya sa robobin a Kano ya nuna mini yadda ake fitar da iska, ya ce, "Malam, aikin nan na mutum biyu ne, ɗaya a kan feda, ɗaya a kan noti." Na ce na ji. Da lokacin ya zo, kuna nan ku biyu a gida, amma sai na ga kamar faɗuwa ce a ce Malam yana neman taimakon yaran da ya haifa. Na jira kuka tafi ɗiban ruwa. Na danna feda da hannu ɗaya, na miƙa ɗayan ina kwance noti, in saki wannan in kama wancan. Duk sakin da na yi noti yana buɗe, iska nake zuƙa ciki ban sani ba. Na taka na ji kamar da ɗan dama-dama, na ce ya isa.

Washegari na ɗauko kwandunan tumatir, na zo gangaren rafi. Ka san gangaren nan, ko tsawon igiyar guga bai kai ba. Na taka, babu komai a ƙarƙashin ƙafata. Abin da na tuna bayan nan shi ne ina kwance a cikin yashi, tumatir ya yi mini ja-ja, mata masu wanki suna salati suna zaton jini ne. Kai ka goyo ni har gida. Ban ce maka sannu ba, ban ce na gode ba, na rufe ido na yi kamar na suma. Tun daga ranar a zaune nake salla. Wannan fa gangaren rafinmu ne, wanda yara ke wasan zamiya a kansa. Ka auna da inda za ka.

To, sai na huɗu, wanda shi ne ya kawo mu inda muke. Bayan na tashi na yarda aikin na mutum biyu ne, sai na mai da shi na mutum uku. Ni ina zaune a ƙasa da sifana, kai kana kan feda, tsakaninmu ko taku biyu babu. Amma bakina ba zai iya ce maka "taka" ba. Haka na taso na ga mahaifina yana yi da yayanmu, ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a duban idonsa, ba a yi masa magana kai tsaye sai dole. Sai in ce wa Nafi'u, "Ce masa ya taka."

Shi kuma Nafi'u, Allah ya yi masa albarka ya ƙara masa kwarjini, sai ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya ce, "Malam ya ce a sanar da mai sunan Malam babba, in ba zai zama takura ba, ya taimaka ya taka."

Kai kuma ka ce, "Ce masa na taka tun ɗazu."

"Ya ce ya taka tun ɗazu, har ƙafarsa ta fara tsufa."

"Ce masa ya riƙe."

"An ce ka riƙe, ranka ya daɗe."

Kafin "riƙe" ta zagayo ta iso kunnenka ka gaji ka saki, ni kuwa noti yana buɗe a hannuna. Haka muka wuni muna fitar da iska ta ƙofa tana komowa ta taga. Muna cikin wannan kofi ya bushe ba wanda ya lura, ya zuƙi iska ta sama, aiki ya koma farko. Na fusata na murɗe notin da ƙarfi har ya karye a ciki. Ka jefar da tsumma ka fita. Tun daga ranar ba ka ƙara yarda wani ya taɓa birkin nan tare da kai ba. Shi ya sa jajibirin tafiyarka, da ka canja tiyo, ka yi aikin kai kaɗai a bayan gida, hannu ɗaya a feda ɗaya a noti, kamar yadda ubanka ya yi kafin gangaren rafi. Ina jin ƙarar sifanarka daga zaure. Na san abin da kake yi, na kuma san inda yake kai mutum.

Yanzu ga yadda ake yi, ka karanta a hankali.

Ka tsayar da Raƙumi a miƙe a wurin da babu iska sosai, inda ƙasa ba za ta faɗa cikin kofi ba. Ka goge murfin kafin ka buɗe, ka cika da man birki har layin sama. A jikin ƙarfen da ke damƙe faifai akwai ɗan ƙaramin noti mai huda, da 'yar hular roba a kansa. Cire hular, ka sa sifana mai lamba takwas, sannan ka cusa robar ƙarin ruwa, irin ta kemis, a bakin notin. Ɗaya bakin robar ya nutse a cikin kwalba mai ɗan man birki a gindinta, don in ta ja baya ta ja mai, ba iska ba.

Mutum ɗaya ya taka feda a hankali, ya sake takawa, har ya ji ta ɗan yi tauri, sai ya danne ya riƙe. Kai kuma ka kwance notin kaɗan, ba da yawa ba. Feda za ta nutse, mai zai biyo roba da kumfa a cikinsa. Wannan kumfar ita ce abokiyar gabarka. Ka ɗaure notin tukuna, sannan ka ce "saki". Kada ya saki kafin ka ɗaure, ko kunama ce ta hau masa ƙafa. Haka za ku yi ta maimaitawa. Kowane ɗan lokaci ka leƙa kofi ka ƙara, kada ka bari ya ga gindinsa. Ka riƙa ɗan ƙwanƙwasa tiyo da bayan sifana, don akwai kumfar da ke laɓewa a lanƙwasa. Sai ka ga mai yana fita garau babu ko ƙwayar kumfa, sannan ka ɗaure notin daidai ƙarfin yatsu da ɗan ƙari, ba ƙarfin fushi ba. In har yanzu da sauran laushi, ka rataya wa feda bulo ta kwana a danne, da safe ku sake. Kada man ya taɓa takalman birki ko faifai, in ya zuba a fenti ka wanke da ruwa nan take. Kafin ka ɗora buhu ko ɗaya, ka gwada shi a fili kana tafiya kamar mai rakiyar tsohuwa.

Abu mafi girma, wanda ke kan feda da wanda ke kan noti su yi magana baki da baki, kalma ɗaya ɗaya, babu ɗan aike a tsakani. Kada ka kira ɗan kawunka Bashir, wannan ko riƙon akuya aka ba shi waya yake dannawa. Ka nemi mai hankali, mai haƙuri, mai ƙafa mai ƙarfi. Irin Nafi'u dai, in ana samun irinsa a birni, abin da nake shakka.

Saura kuskure na ƙarshe, shi ne na safiyar tafiyarka. Ka zo ka durƙusa a ƙofar zaure, ka ce gonar da ta rage mana bayan rabon gado ba ta ciyar da gida, ga damina ta yi gardama, ga ƙannenka mata suna tasowa, za ka je ka nemo. Gaskiya ka faɗa. Na san gaskiya ce tun kana faɗa. Amma ban dube ka ba, na dubi Nafi'u na ce, "Ce masa in ya fita da babur ɗin nan, kada ya ce ni na aike shi." Ka jira ko zan ƙara wani abu. Ban ƙara ba. Ka tashi.

Abin da ya kamata in ce shi ne, ka tsaya mu gyara birkin tukuna, ni da kai. Abin da ya kamata in ce shi ne, na gode da goyon da ka yi mini daga rafi. Tsoro ne ya fito ta bakina da kamannin fushi. Na yafe maka tafiyar, kai ma ka yafe mini maganar. In Allah ya ba ka ɗa, ka ji kunyarsa yadda aka saba, ban ce ka bar al'ada ba, amma ranar da ransa ke hannunka ka buɗe baki ka yi masa magana da kanka.

To.

Yaya Habibu, na san tun wajen "ya fi ka kyau" ka fara zargi, in ma ba tun daga bisimilla ba. Ni ne, Nafi'u. Baba bai rubuta ko wasali ɗaya a takardar nan ba. Hannunsa bai lafa ba, ƙaruwa ma rawar ta yi, yanzu ni nake riƙe masa kofi in zai sha kunu. Ka san a cikinmu rubutuna ne ya fi kama da nasa. Ka tuna lokacin da na rubuta wa Inna cewa Malam ya ce a yanka jan zakara saboda baƙi, aka yanka, baƙi ba su zo ba, ni da kai muka ci cinya, ni kaɗai na ci dukan. Wannan karon ba don nama na yi ba. Na san in da sunana ta zo, ba za ka wuce layin farko ba, za ka ce shaƙiyancin Nafi'u ne ka naɗe ƙosai da ita. Maganar mutum ɗaya kake ji a duniya, shi kuma ba ya yi maka magana. Sai na ara bakinsa.

Kurakuran duk gaskiya ne, wasu da idona na gani, wasu Inna ta ba ni labari tana tankaɗe. Gyaran birkin ma nasa ne, daga bakinsa na haddace kamar karatun allo. Amma neman yafiyar nan ni na ƙirƙira. Bai ce ya yafe ba, bai ce ka yafe masa ba, ba zan yi maka ƙarya a wannan ba. Ban san ko zai taɓa faɗa ba.

Ga dai abin da na gani. Tun da ka tafi ya bar zama a cikin zaure, ya sa na fitar masa da buzu ƙofar gida, daidai inda dugaduganka suka ja layi. Yara sun tattake wurin, kaji sun tona, babu abin da ya rage, amma nan yake kallo. Karatun yamma ni nake biya wa yara, shi sai ya zuba wa hanya ido. Ko babur ya ji daga nesa sai ya ɗaga kai, in ya ji ba muryar Raƙumi ba ce ya mayar.

Jiya da la'asar ina rubuta wannan a bayan rumbu, ya aiko a kira ni. Na ɓoye takardar a riga na je, na ɗauka asirina ya tonu. Na tarar da shi da wani ƙullin tsumma a cinya, yana ta fama ya kwance da hannun nan nasa ya kasa. Na kwance masa. Sifana ce mai lamba takwas, da robar ƙarin ruwa, da sabuwar kwalbar man birki ba a fasa ba. Ban san yaushe ya aika aka sayo ba, ban kuma ga agogonsa a hannunsa ba, ban tambaya ba.

Ya ce, "Asabar aka ce?"

Na ce, "Asabar, Baba."

Ya turo mini ƙullin. Can ya ce, "Ka bi motar safe ka kai wa wancan."

Na ce, "In ba direba ya miƙa masa?"

Ya ɗago ya harare ni, irin hararar da ka sani. Ya ce, "Direba ne zai taka masa feda?"

Na tashi zan tafi, ya ƙara da cewa, "Kuma ban da iya shege. In ya ce riƙe, ka riƙe."

Iyakar abin da ya fito daga bakinsa ke nan, ban ƙara ba ban rage ba. Kai ka san Baba, ka auna nauyinsa da kanka.

Saboda haka, Yaya, yaron da ya miƙa maka takardar nan ba daga tasha yake ba, ni na tare shi a bakin layi na aiko shi. Lokacin da kake karanta wannan ina zaune a kan dakalin ƙofar gidan Kawu, da ƙullin tsumma a cinyata, ban karya ba. Ban zo in hana ka tafiya ba, na san abin da ke cikin rumbu kamar yadda ka sani. Na zo ne in taka maka feda. Ba zan gyara hula ba, ba zan yi gyaran murya ba. Ka ce taka in taka, ka ce riƙe in riƙe, har sai kumfar ƙarshe ta fita. Bayan nan in koma gida in ce wa mutumin da ke kan buzu birki ya kama, ko ya samu ya koma cikin inuwa.

Allah ya kai ka lafiya ya dawo mana da kai lafiya. Allah ya sa duk gangaren da ka hau ka sauko da ƙafafunka, ya tsare ka daga abin da muke tsoro da wanda ba mu sani ba, ya ba ka halaliyarka, ya sa ka dawo ka tarar da Baba da Inna da ransu. Amin.

In za ka mare ni saboda aron sunan Baba, na yarda, amma ka bari sai mun gama. Fito da Raƙumi, rana tana yi.

Ƙaninka,
Nafi'u